Sawu a Daɓen Jagora

Wata ashirin na nono. Bashin da ke kan gidanmu ke nan, kuma gidan Kande Bamagujiya ke bin mu. Uwar Jagora ta rasu yana da kwana tara a duniya, Kande ta ƙetaro rafi ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Ranau, wannan a dama wannan a hagu, har ta yaye su rana ɗaya. Ba a gabana aka yi ba, Jagora da bakinsa ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Sunansa yana jikin allon ƙofa ga masu karatu. Ni ba na faɗa, wan mijina ne. Ni ce Lauratu, ni kaɗai na rage a tsofaffin gidan nan na Tudun Kanya.

Ya yi minista, yana cikin waɗanda suka karɓo ƙasar nan daga hannun Turawa, ya shiga jirgi ya fi a ƙirga, amma abu biyu bai taɓa sauke su daga bangon ɗakinsa ba. Majanyin saƙi da Kande ta goya shi da shi, da wani hoto, shi da babbar riga a durƙushe, ita a tsaye kafaɗa a waje da fartanya a hannu.

Su aka sace.

Gwamnati ce ta ce za ta mai da gidan gidan tarihi. Suka turo wata yarinya daga Katsina, Adawiyya, mai gilashin ido da taurin kai, ta ce ba siminti ba fenti, yadda ya bar ɗakin haka za a mai da shi. Sai aka dawo neman mu masu daɓe. Na tara mata goma sha ɗaya, lokacin ɗorawa ne, muka jiƙa ɓawonta muka yi makuba mai kauri. Ranar Asabar muka daɓe ɗakin da baya da baya har muka fito ƙofa, aka sa kwaɗo, na ce kada ko kaza ta taka sai an kwana huɗu. Kayan suna rataye a ƙusarsu, da idona na bar su.

Ranar Litinin Adawiyya ta leƙa ta taga don ta ga ko ya fara shan iska. Ƙusa ta gani tsirara.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Makulli biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a wuyan mai gadi. Mai gadin kuwa Sulemanu ne, ɗan Ranau, jikan Kande, ɗan coci, shekara ashirin da shida yana kwana a zauren nan. Alhaji Mannir, jikan Jagora, shi ne shugaban kwamiti, kuma yana neman kujerar majalisa. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ai abin a fili yake, mutum ya ga kayan kakarsa za su shiga hannun gwamnati ya ɗauke. Ya karɓe makullin a gaban mutane. Ya ce in la'asar ɗin Laraba ta yi kaya ba su fito ba, motar 'yan sanda za ta zo daga Funtua.

Na je gidan Sulemanu da yamma. Yana zaune gindin rumbu, matarsa Fibi tana ta faɗa ita kaɗai, ta ce tun safe ba wanda ya sayi ƙosanta, har yara na yi mata waƙa. Da na tashi tafiya sai shi ya ɗago ya dube ni.

"Goggo, ni da nake share wa hoton nan ƙura tun Jagora yana da rai?"

Na ce ya ci tuwonsa. Na aika garin Maska a kira mini Labo.

*

Labo mai bin sawu ne, shanun sata yake bi, ya taɓa bin wasu tun daga Dandume har ya kamo su a kan hanyar Birnin Gwari. Ɗan ƙaramin mutum ne, goro a kumatu, magana sai ka roƙa. Shekarun baya kububuwa ta sare shi a gonar audugarmu, ni na yi jinyarsa kwana goma sha bakwai a ɗakina. Ban tuna masa ba. Ya sani, shi ya sa ya iso Talata da hantsi a bayan mashin.

Alhaji Mannir muka tarar a ƙofar gidan, ana sauke kujerun roba don bikin buɗewa na ranar Asabar. Jikana ne, akwai wasa tsakaninmu.

"Tsohuwar matata, yau kuma saniya kika ɓatar?"

Na ce, "Mijin banza, wanda ko turmin atamfa bai taɓa saya mini ba. Ba saniya ba ce, mutuncin baffanka nake nema."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce wane baffa. Na ce Sulemanu mana, ubansa da kakanka nono ɗaya suka sha, ko an canja addinin ne ban ji ba? Sai ya juya wajen Labo ya ce kada ya wahalar da kansa, su sun riga sun gano. Daɓe lafiya lau yake, ba wanda ya taka, ke nan ta taga aka zura gora aka saɓo kayan, kuma kowa ya san wa ke da doguwar gorar kaɗo ɗorawa a bayan zaure. Ya shiga mota ya tafi Malumfashi taro.

Gorar kuwa tana nan, ta Sulemanu ce, na san ta.

Labo ya zagaya bayan ɗakin, ina biye da sandata. Ya tsuguna gaban tagar ya fi minti goma, ni har ƙugu ya fara yi mini ciwo. Daga nan ya nuna mini da tsinke. Yanar gizo ce ta rufe sandunan tagar daga sama har ƙasa, da ƙura a jikinta, da busassun ƙudaje. Ya ce wannan saƙar ta fi wata ɗaya. Ido zai wuce, gora ba za ta wuce ba.

Ya tambayi Sulemanu ko ya taɓa barin gidan. Ya ce sau ɗaya, Lahadi da safe, ya je coci kamar kullum, daga takwas zuwa sha ɗaya, makulli yana wuyansa har gaban fasto.

Mai shayin bakin titi ya ce shi kam ranar Lahadin ya ga Isah kafinta ya fito ta ƙaramar ƙofa da buhu a kafaɗa, yana waige-waige.

*

Isah muka samu a shagonsa yana fere ƙafar gado. Da ya ga Labo sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Na ce ya ajiye Alƙur'ani gefe ya kawo buhun. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya jawo shi daga ƙarƙashin benci. Guntayen katako ne da ragowar ƙusa, da rabin gwangwanin man goge katako na gwamnati. Ya ce don Allah kada Adawiyya ta ji, matarsa ce ba ta da itace.

Na ce, "Kai da aka ci tuwon sunanka a gidanmu, man katako ne ya tsole maka ido?"

Labo bai kula da buhun ba. Takalman Isah ya ɗauka ya juya, silifa ne, diddigen ya cinye. Ya tambaye shi wa ya sa kwaɗon ɗakin. Ya ce shi ne. Makulli nawa? Ya ce biyu aka miƙo masa a zobe, da kwaɗon, ba kwali. Labo ya tofar da goro ya ce shi dai duk kwaɗon da ya taɓa saya a kasuwar Funtua 'ya'ya uku yake zuwa da su. Isah ya ce shi abin da kwamiti ya ba shi ya sani.

Kwamiti mutum bakwai ne. A hanya na ƙirga su a yatsu, ba wanda na iya cirewa, ba wanda na iya sawa.

*

Adawiyya ta buɗe mana ɗakin. Labo bai shiga ba. A bakin ƙofa ya durƙusa, gefen dama, inda makuba ta zube mana ranar Asabar ta jiƙa ƙasa. Ya hura ƙurar sama a hankali. Sai ga shatin takalma biyu, a jere, kai da kai, suna kallon ƙofa. Ƙasansu sumul, ba zane. Ya ce na fata ne, irin na masu mota. Sulemanu na taya yake sawa, zanensa ko makaho zai lalubo.

Adawiyya ta ce to me ya sa suke a jere haka?

Ni na ba ta amsa, ba Labo ba. Na ce cirewa aka yi. Ɗakin nan ba wanda ya tashi a gidan nan da ya taɓa shigarsa da takalmi. Tun muna amare, ko ruwa za ka kai masa sai ka tuɓe a daidai wurin nan, gefen dama, don hagu wurin butarsa ne. Mutum ya zo sata, ƙafarsa ta tuna abin da shi ya manta.

Ta ce amma Goggo, ai ba sawu a ciki.

Labo ya karɓi sandata ya ƙwanƙwasa daɓen, nan, da can, da can. Wani wuri ya amsa da ƙarfi, wani wuri ya yi fuf kamar an bugi tsohuwar ƙwarya. Ya dube ni. Wallahi kunya ta kama ni, na ɗauka aikinmu ne ya tashi, ni da nake daɓe tun kafin a haifi uwar yarinyar nan. Na ce a riƙe ni. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na sa hanci.

Daɓenmu ja ne mai duhu, yana ƙamshin ɗorawa. Wannan wurin fari-fari ne, ƙasa ce da ruwan buta, an shafe da tafin hannu. Har guda shida na ƙirga, uku zuwa uku dawowa. Na ce wannan ba mace ta yi ba. Ko yarinyar da aka fara ba maɗabi jiya ta san ƙasar da ba makuba ba ta kama daɓe.

Labo ya zaro 'yar wuƙarsa ya sa a gefen na tsakiya. Ya ɗago kamar ɓawon ƙanzo. A ƙasa ga ƙafar dama, tsirara, ta nutse har rabin yatsa, 'yan yatsu biyar ras.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce namiji ne, mai nauyi, kuma diddigensa ba faso ko ɗaya. Ya ce ƙafar nan ba ta san gona ba.

Adawiyya ta ce masu irin wannan ƙafa a kwamiti sun kai biyar, ba za a kawo su ɗaya-ɗaya a gwada ba, za su ce an ci mutuncinsu. Na ce ba sai an gwada ba. Na buɗe mata tafin ƙafata. Tun Asabar na yi wanka ya fi sau shida, na goge da dutse, amma ga shi nan ja-baƙi kamar na kwana da lalle. Makuba in ta haɗu da jar ƙasa ta kama fata, sai ta yi mako ba ta saki ba. Mu mata goma sha biyu muna da shi. Namijin da ke da shi a garin nan ɗaya ne.

*

Laraba bayan azahar aka taru a zauren Mai Gari. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, kowa na fifita da hula. 'Yan kwamiti a kan tabarma, liman a gefe, Isah a rakuɓe, Sulemanu a bakin ƙofa inda aka ce ya zauna, mutanen gari sun cika waje. Takalma tuli a ƙofa, don ba a shiga gaban Mai Gari da su.

Ban kalli fuskar kowa ba, ƙafafu na bi. Na malamin makaranta farare. Na ɗan kasuwar hatsi farare da kirci. Na bi su har na zo kan baƙar safa, mai kauri, har ƙwauri, a ƙafar Alhaji Mannir.

Na so a ce ba shi ba ne. Ni na yanke masa cibiya.

Labo ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice, taga da kwaɗo da takalma da sawu. Alhaji Mannir ya ce wannan duk tatsuniyar mafarauta ce, la'asar ta kusa. Sai na ce Sulemanu ya miƙo ƙafafunsa. Ya miƙo. Faso kamar gonar da ta shekara ba ruwa, fari fat. Isah ya miƙo nasa tun ba a ce ba. Sauran suka bi, suna dariya, har ɗan kasuwar yana cewa a duba da kyau ko za a samo masa mata.

Na ce, "Mijina, sanyi kake ji?"

Ya ce ciwon ƙafa yake yi, likita ya ce ya rufe.

Liman, wanda bai san dawan garin ba, ya ce ai shi ma ya yi mamaki, kwana uku ke nan yana ganin Alhaji yana shafa a kan safa wajen alwala, ya ɗauka wani sabon karatu ya samo a birni.

Na juya wajen Alhaji. Na ce ya cire, in ciwo ne ni na san magani, ni na yi masa na ƙyanda. Ya ce Kaka ki bari. Na ce ba zan bari ba. Mai Gari ya yi gyaran murya ya ce a watse, magana ta zama ta cikin gida. Na ce ranka ya daɗe, da aka kira Sulemanu ɓarawo a ƙofar masallaci aka yi, ba a cikin gida ba.

Alhaji bai cire ba. Amma ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma na bakin ƙofa sun ji.

"Ana buɗe wurin nan, hoton nan zai shiga waya. Abokan takarata za su buga shi a kowane bango daga nan har Malumfashi, su ce ga wanda kakansa ya sha nonon arna yana durƙusa musu. Kaka, ba ki san siyasa ba."

Na ce, "Ban santa ba. Shi ya santa, ya fi ka, kuma shi ya durƙusa, shi ya kira mai hoto daga Zariya, shi ya buga ƙusar. In ba don nonon nan ba, da kai da ubanka da motarka duk kuna cikin ramin jariri a bayan gari."

Sulemanu ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce shi ba ya son a kira wa kowa 'yan sanda. Makullinsa yake so, kuma wanda ya ce masa ɓarawo ya zo ƙofar gidansa da rana ya ce ba shi ba ne, Fibi ta ji, maƙwabta su ji.

*

Alhamis da safe kayan suka dawo a baƙar leda, ta hannun Mai Gari. Aka sanar cewa an tsince su a bayan akwati. Adawiyya ta karɓo makullin ta mayar wa Sulemanu. Alhaji bai je ba. Buhun taki biyu ya aika, Fibi ta sa aka mayar masa a kan amalanke, ta tsakiyar kasuwa. Amma a wajen mai shayi an fara cewa ai tsoro ne ya sa mai gadi ya fito da su, Alhaji ya rufa masa asiri.

Da yamma sai ga shi a ɗakina, da atamfa turmi biyu. Ya ce a taimaka a gyara daɓen kafin Asabar, manyan baƙi za su zo. Ya nemi a zuba siminti, Adawiyya ta ce sai dai a kore ta daga aiki. Ya aika wa matan ɗaya-ɗaya, kowacce ta ce maɗabinta yana wajen Goggo. Gaskiya ne, duk goma sha ɗayan suna ƙarƙashin gadona.

Na ce daga nan zuwa ƙofar Sulemanu taku ɗari uku ne, na ƙirga. Ya je ya dawo, ko asuba ce zan tara mata. Ya ce mutum kamarsa, ana saura wata biyu zaɓen fid da gwani. Na ce ya ɗauki atamfarsa.

Ranar Asabar aka zo da motoci har bakin rafi. An yi jawabai, an yanka ƙyalle. Na sa aka kai mini kujerata 'yar tsugunno cikin ɗakin, gefen ƙofa, ba wanda ya isa ya ta da ni. Majanyi da hoto suna bango. A tsakiyar ɗaki an shimfiɗa wata sabuwar darduma mai laushi, wadda Jagora bai taɓa gani ba.

Babban baƙon ya shigo, wani dattijo daga Abuja, Alhaji Mannir a kafaɗarsa yana bayani, masu ɗaukar hoto a baya, Sulemanu riƙe da ƙofa. Na sa ƙugiyar sandata na ja dardumar gefe.

Dattijon ya tsaya. Ya ce Allahu akbar, sawun marigayi ne wannan? Har ya sunkuya zai shafa.

Na ce, "Kada ka shafa, Alhaji, ba albarka a ciki. Na marigayi ƙasa ta cinye. Wannan na wanda ya shigo ya sace hoton can ne, ya ce mai gadi ne. Mai gadin ga shi nan, Sulemanu jikan Kande, matar da ke tsaye a hoton, ka duba ƙafarsa ka duba wannan. Mai sawun kuma yana bayanka. Ka tambaye shi ko zafi bai dame shi ba, da safa."